Kwana huɗu ina ɓoye yatsana a aljihu

Shekaranjiya da la'asar ina zaune a tsakar gida ina shan folere, wato zoɓo, sai ga 'yar maƙwabciyarmu ta faɗo gidan ko sallamar kirki bata yi ba, wai sunanta ya fito a konkur, wato jarrabawar neman gurbi, za ta shiga makarantar anfirmiye, wato ta koyon aikin nas. Uwarta na biye da ita tana dariya tana cewa "gata nan na kawo miki Adda, ki yi mata nasiha tunda ke kin san hanyar". Na yi murna wallahi, yarinya ce mai ƙoƙari, sau biyu tana rubuta jarrabawar nan bayan ta samu bak ɗinta, takardar gama sakandare. Na buɗe baki na faɗa mata abun da kowa ke faɗa, ki yi haƙuri, ki yi biyayya, duk abun da malamai da manyanki suka ce ki ce to, kar ki zama mai yawan magana. Ta ce in sha Allahu Adda. Suka tafi.

Da dare na kasa barci. Saboda nasihar da na yi mata ita ce sak wadda aka yi mini ranar da zan fara, kuma ita ce ta kusa kai ni ta baro.

Wanda bai san yadda karatun yake a nan Kamaru ba bari in ɗan yi masa bayani. Ma'aikatar lafiya ce ke shirya konkur ɗin, in ka ci kuma kana son zama cikakken anfirmiye mai takardar gwamnati shekara 3 za ka yi, mai taimaka wa nas kuma nasa ya fi gajarta. Karatun rabi a aji ne rabi a asibiti, shi muke kira istaj. Kuma a istaj ɗin nan akwai wani ɗan littafi, karne, wanda shugaban ɗakin da aka tura ka, wato majo, zai sa maka hannu ya ba ka maki. In bai sa hannu ba istaj ɗinka ya tashi a banza. To kun ga ai rayuwarka gaba ɗaya tana cikin bironsa. Ko kallon banza ya yi maka sai cikinka ya ɗuri ruwa.

Ina shekara ta biyu aka tura mu wani asibiti, ba zan faɗi sunansa ba kuma kar wanda ya tambaye ni, ɗakin manya maza. Satinmu na farko wata 'yar ajinmu ta tambayi majo ɗin wurin yadda ake lissafin ɗigon ƙarin ruwa, don a aji an koya mana amma ta rikice, lita rabi a awa 8 ɗigo nawa ne a minti. Tambaya ce ta minti ɗaya, ka raba yawan ruwan a mililita da awannin sau uku, ya ba ka wajen ɗigo 21, shi kenan. Amma matar nan sai ta ɗaga murya a tsakiyar ɗaki, ga marasa lafiya ga masu jinya zaune kan tabarmi da kwanukan abincinsu, tace ku zo ku ga wadda za ta kashe muku 'yan uwa, da Faransanci ta faɗa sannan ta maimaita da Fulatanci don kowa ya ji. Aka yi dariya. Wani tsoho ma yace shi dai kar yarinyar nan ta taɓa ɗansa. Ita kuwa ta shige bayan gida ta yi kukanta ta wanke fuska ta fito. Mu sauran biyar ɗin ba wanda yace uffan amma duk mun ɗauki darasi a ranar, kuma ba darasin ɗigon ruwa ba ne. Mun koyi cewa a ɗakin nan ba a tambaya.

Sati na uku ina gard, wato aikin kwana a asibiti. Wajen ƙarfe biyu na yi wa wani bawan Allah allura, siriri ne sosai ya jima yana jinya yana tari, ban san me ke damunsa ba don ba a barin mu mu buɗe dosiye, wato fayil ɗin mara lafiya, sai an ce. Kwalin da ake jefa allura ya cika har ya yi tozo, sabo kuma yana kulle a ofis, sai na ce bari in mayar da murfin in riƙe ta. Hannu biyu na sa, abun da tun shekarar farko aka hana mu. Wuta ta yi ƙasa, ni ga barci, murfin ya goce. Ta shige ta cikin safar hannu ta soke ni a ɗan yatsan hagu, wanda ke kusa da babba.

Na san abun da ya kamata in yi, mun rubuta shi a jarrabawa ma. A wanke da ruwa da sabulu, kar a matse, a tsoma yatsan cikin ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake kira Dakin ko ruwan jabel, wato bilic, da aka surka na aƙalla minti 5, sannan a sanar da babba nan take don a gwada mara lafiyan a gwada ka, in da buƙata a fara ba ka maganin kariya daga sida, wato ƙanjamau, wanda ake so a fara cikin awannin farko kuma in an wuce awa 72 ya zama aikin banza, a sha shi kwana 28. Duk na sani. Amma abun da na yi shine na ruga famfo na dinga matse yatsan kamar zan cire shi, na zuba alkol, na naɗe da filasta, na cusa hannun a aljihun bulus, farar rigar aikinmu. Abun da ke yawo a kaina ba ciwo ba ne, a'a, majo ce, gobe da safe za ta tara mutane tace ga wadda ta mayar da murfin allura, ga karne na a hannunta, ga Baba da ya sayar da buhunan masararsa ya biya mini kuɗin makaranta. Yanzu in na tuna sai in ga wauta ce tsantsa, yarinya 'yar shekara 21 ta ɗora tsoron tsawa a kan tsoron cutar da za ta zauna da ita har kabari. Amma a daren nan haka lissafin ya fito mini kuma na san ba ni kaɗai ba ce na taɓa yin irinsa.

Kwana huɗu ina haka. Ba na cin abinci, Inna tana ta tambaya ko zazzaɓi ne. Wadda ta gano ni wata tsohuwar mai taimaka wa nas ce, kowa Dada yake ce mata, ba ta da wani babban matsayi, ita ce ke gyara gadaje tana wanke kayan aiki, Faransancinta ma a karye yake. Ta same ni a ɗakin wanke kaya tace "ɗiyata, hannun nan da kike ɓoyewa tun ranar Talata me ya same shi?" Na ce wuƙa ce a gida. Ta kalle ni kawai. Sai na fashe da kuka. Bata yi salati ba, bata ce me ya kai ki ba, ta kama hannuna ta ɓare filastar ta duba tace "ni sau uku ta soke ni a aikin nan, taso mu je". Ta bi da ni ta ƙofar baya har wajen likita, ta tsaya a bakin ƙofa kamar ita ta haife ni. Likitan ya ƙirga kwanakin ya girgiza kai yace lokacin maganin ya wuce, sai dai gwaji da jira. Mara lafiyan kuma an riga an sallame shi ya koma ƙauyensu.

Wata uku na yi ina jira ana gwada ni. Allah Ya rufa asiri ba komai. Amma a cikin jiran nan ne na karanta na gane ashe sidar da nake ta tsoro, in allurar mai ɗauke da ita ta soke ka wajen mutum 3 ne cikin 1000 ke kamuwa, ciwon hanta nau'in B kuwa yana iya kaiwa 30 cikin 100 ga wanda bai yi rigakafi ba, kuma ciwon hanta ya yi yawa a arewacin nan namu. Ni ko ban yi ba, don sai a 2005 aka sa shi cikin rigakafin jarirai a Kamaru, mu da muka riga muka girma ya wuce mu. Ba wanda ya tambaye mu katin rigakafi kafin a tura mu ɗakin marasa lafiya.

Abun da nake son in faɗa ke nan, kuma na daɗe ina juya shi. Mu nan muna haɗa abu biyu mu ba su suna ɗaya, ladabi da tsoro. An tashe mu a kan ba a haɗa ido da babba, ba a mayar masa da magana, in yana faɗa ka sunkuyar da kai, ga kunya irin tamu ta Hausawa ga kuma ta maƙwabtanmu Fulani da ta ninka tamu. A gida abu ne mai kyau, ni ma haka nake tarbiyyar nawa. Amma a bakin gadon mara lafiya in ɗalibi ya sunkuyar da kai yace to alhali bai gane ba, wannan to ɗin a jikin wani za ta ƙare. Malami yana ganin aji ya yi tsit sai ya ɗauka ana girmama shi ne, bai san kowa ta kansa yake yi ba, ana ƙirga mintuna a fita. Kuma addininmu ma bai ce haka ba. Nana A'isha ta yabi matan Ansar ne saboda kunya bata hana su tambayar addininsu ba, Imam Malik kuwa da muke bin mazhabarsa an san shi da yawan cewa ban sani ba in an tambaye shi abun da bai tabbatar ba. Mutum kamar wannan. Amma 'yar shekara ta biyu a makarantar jinya ba ta da ikon cewa ban sani ba.

Akwai wata Ba'amurkiya a jami'ar Harvard, Amy Edmondson, da ta yi bincike a ɗakunan asibiti a shekarun 1990 kan kuskuren bada magani. Ta zaci ɗakunan da ma'aikatansu suka fi jituwa za su fi ƙarancin kuskure, sai ta tarar su ne ma aka fi rubuta kuskure a cikinsu. Da ta bi diddigi sai ta ga ba wai sun fi yi ba ne, sun fi faɗa ne. Inda shugaba ke da zafi kowa binne nasa yake. Ranar da na ji wannan dariya na yi, nace ai da ta zo ta tambayi Dada da ta huta da wahala.

To amma kar ku ɗauka ni ce ta kirki a labarin nan, ban gama ba.

Shekaru suka wuce, na gama, na yi aiki a ƙauye na dawo Garwa, yau ni ce ake turo wa 'yan istaj a ɗakin yara. Kuma wanda bai taɓa shiga ɗakin yara a watan Satumba ba bai san me ake nufi da aiki ba, damina ta kawo sauro, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara, gado ɗaya yara biyu, wannan na suma wancan jininsa ya ƙare ana neman mai bayarwa, uwa na kuka da yaren da ba ka ji. Duk da maganin rigakafin da ake bi gida gida ana ba yara da damina a jihar Arewa da Arewa Mai Nisa tun 2016, da allurar rigakafin zazzaɓin da ƙasarmu ta fara sawa cikin na jarirai a Janairun 2024, har yanzu watannin nan ba sauƙi. A irin wannan ranar wani ɗalibi ya zo ya tsaya a kaina da kwalbar artesunat, allurar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, yana tambayata wanne ake fara zubawa, ruwan bikarbonat ɗin ko ruwan gishirin. Ban san lokacin da nace masa "kai wai me kuke yi a makarantar ne, barci?" ba, a gaban iyaye, da ƙarfi. Na fizge kwalbar na haɗa da kaina. Ya koma gefe ya tsaya ya sa hannu biyu a aljihun bulus.

Hannun nan da ya sa a aljihu shi ya tsaya mini a rai. Na koma gida a kan kilando, babur ɗin haya, ina ganinsa. Ashe majo ɗin da na yi shekara goma ina jin haushinta ba wata muguwa ba ce ta daban, mace ce da ta gaji, ita ɗaya da gado talatin, an turo mata yara shida ba wanda ya tambaye ta ko tana so, ba wanda ya koya mata yadda ake koyarwa, ita ma kuma haka aka yi mata. Ba wanke ta nake yi ba, abun da ta yi bai dace ba. Amma laifi tudu ne, na taka nawa ina hango nata.

Washegari na kira shi ofis na rufe ƙofa nace "ƙanena jiya na yi maka ba daidai ba, ka yi haƙuri". Yaron nan ya rasa inda zai sa kansa, sai cewa yake a'a Madam ni ne da laifi. Nace tambayarka daidai ce, zauna. Na ɗauko kwalba mai miligiram 60 na nuna masa, bikarbonat mililita 1 ake fara zubawa a girgiza har garin ya narke ruwan ya yi garau, in bai washe ba a zubar, sannan a ƙara ruwan gishiri mililita 5 in ta jijiya za a bayar, kowane mililita ya zama miligiram 10. Minti uku bai kai ba. Minti ukun da na hana shi jiya.

Daga nan na canza wasu 'yan abubuwa, ba wani tsari ba ne daga sama, ni dai a ɗakina. Ranar da sababbin 'yan istaj suka zo kafin in nuna musu inda ake ajiye auduga sai in nuna musu yatsana in ba su labarin nan duka, har da kukan. In ce duk wanda allura ta soka ko ya ba da magani ba daidai ba, ko ƙarfe ukun dare ne ya buga mini waya, kuma na rantse ba zai shafi makinsa ba, wanda ya ɓoye ne in na gano zai shafa. Faɗa ina yi har gobe, ni ba mai sanyi ba ce kowa ya sani, amma a ofis, ƙofa a rufe, ba a gaban masu jinya ba, don in ka zubar da mutuncin ɗalibi a gaban uwar yaro ka gama da shi a ɗakin, ba za ta sake yarda ya taɓa ɗanta ba. Takardar da zan ba su maki da ita kuma tun ranar farko nake manna ta a bango kowa ya ga abun da ake dubawa. Wannan na ƙarshen ƙaramin abu ne a ido amma shi ya fi kashe gulma, don a makarantun nan ba abun da ke cin amana tsakanin ɗalibai kamar zargin cewa wance ta samu 16 cikin 20 ne saboda 'yar garin malam ce ko don tana kai masa wani abu. Ko gaskiya ne ko ƙarya, in dai ba a san yadda makin ya fito ba zargin zai zauna.

Su ma ɗaliban ba mala'iku ba ne fa. Akwai wanda in ka sassauta sai ya hau kanka, ya zo gard ƙarfe tara maimakon bakwai yana murmushi, akwai masu dannar waya a bakin gado. Wata na kama tana ɗaukar bidiyo a ɗaki wai za ta sa a TikTok, ga yaron mutane kwance tsirara a bayanta ana masa ƙarin jini. Wannan ban yi mata da sauƙi ba, har makarantarsu na rubuta. Girmamawar da nake magana ai ba ɗalibi kaɗai ya cancance ta ba, wanda ke kwancen ma ya fi kowa, kuma abun da na lura shine yadda ka yi wa ɗalibi haka shi ma zai juya ya yi wa na ƙasa da shi, na ƙasa da shi kuwa a asibiti talaka ne da ya zo daga ƙauye ba ya jin Faransanci. Duk anfirmiyen da ka ji yana daka wa mai naƙuda tsawa, bincika, a makaranta ya koyo muryar.

Maganar yare ma bari in taɓa ta don ta nan ne na fi ganin amfanin haɗin kai da idona. Karatu da Faransanci ake yi, amma mara lafiya da Fulatanci zai zo maka, ko Hausa, ko Larabcin Shuwa, ko Tupuri, Mundang, Giziga, Mafa, Fali, ga 'yan Cadi masu tsallakowa ga na Najeriya ta wajen Yola da Mubi. A ajinmu akwai 'yan kudu da suka zo daga Yawunde da Duwala, a aji su ne gaba, in malami ya yi tambaya kafin mu gama fassara ta a kai sun amsa, har suna mana kallon ƙauyawa, mu ma muna ce musu masu girman kai. Da aka shiga istaj sai abu ya juye, mai 18 a jarrabawa ya tsaya gaban tsohuwa ya kasa tambayarta ina ke mata ciwo. Nan fa aka fara neman juna. Ni da wata 'yar kudu Kirista muka ƙulla, da yamma in koya mata Fulatancin asibiti da 'yar Hausa, ina ne ke ciwo, tun yaushe, ya ci abinci, yana amai, ita kuma ta zauna da ni kan ilimin magunguna da ya gagare ni. Da azumi ita ke karɓar mini gard na yamma in samu in sha ruwa a gida, ranar Kirsimeti da Ista ni ke kwana a madadinta. Ba malamin da ya tsara mana wannan, da ma an tsara da ya fi, don sai da muka ɓata shekara guda cur muna harare harare kafin wahala ta haɗa mu. Shi ya sa yanzu in zan raba 'yan istaj bibbiyu ba na barin su zaɓa, da gangan nake haɗa ɗan kudu da ɗan arewa, mai yare da mai Faransanci. Sati na farko suna ɓata rai, na uku sai ka gan su a wajen mai shayi suna raba burodi ɗaya.

Kuma wanda ya yi tafinta a rubuta masa a karne, aiki ne. Da mu ake kira daga wannan gado zuwa wancan muna fassara wa likita, ƙarshe a ce ba mu yi allura da yawa kamar sauran ba a rage mana maki.

Abun da ya fi ƙarfina kuwa yana nan da yawa. Makarantu masu zaman kansu sun yawaita, kowacce tana turo ɗalibai, wani lokaci sai in ga fararen bulus sun fi gadajen ɗakin yawa, ta ina zan san sunan kowa balle in san wanda ke ɓoye hannu a aljihu. Malaman aji da mu na asibiti kuma ba ma haɗuwa, su suna koyar da abu a allo mu muna yin wani a ɗaki saboda kayan da ke allon babu su, ɗalibi ya tsaya a tsakiya bai san wa zai bi ba, in ya yi irin na aji mu ce yana ɓata mana lokaci in ya yi irin namu ya faɗi jarrabawa. Sau ɗaya tak wata malama ta zo ta zauna da ni muka sha shayi muka duba abun da take so yaranta su iya kafin su bar ɗakina, kuma rukunin nan su ne suka fi kowanne da na taɓa riƙewa. Sau ɗaya a shekara nawa.

Daminar bara aka kawo wani yaro cikin dare, zazzaɓi ya hau masa kai, aka ɗora shi a sikeli kilo 18. Ni mun tashi da kinin ne a cikin ƙarin ruwa, da artesunat ya zo kuma abun da ya zauna mini a kai shine miligiram 2.4 a kowane kilo, ga gajiya, na lissafa a bayan takarda na samu 43 da ɗoriya na miƙa wa wata 'yar shekara ta uku nace ja mini. Ta karɓa ta tsaya. Na ga bakinta yana motsi. Sai tace a hankali yadda uwar ba za ta ji ba, "Madam ki yi haƙuri, yaron bai kai kilo 20 ba, ba 3 ba ne?" Wallahi sai da na ji wani zafi ya taso mini tun daga ƙirji har kunne, tsohuwar muryar nan ta zo har bakina. Gaskiyarta ne, tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi a kilo, na sani sarai, a daren ne ya kuɓuce mini. Miligiram 54 ke nan, mililita 5.4. Nace "kin yi gaskiya, ja 5.4". Hannunta na rawa ta ja, na riƙe mata hannun yaron ta tura a hankali. Uwar ta tambaye ni da Fulatanci lafiya dai ko, nace lafiya lau, ɗalibata ce ta gyara mini lissafi. Ta kalli yarinyar ta kalle ni kamar bata yarda da abun da ta ji ba.

Ita kuma 'yar maƙwabciyar tamu na aika ƙanenta ya kira mini ita jiya, na ce ta manta da rabin abun da na faɗa mata, na nuna mata yatsan. Tabon ma ya ɓace sai ni kaɗai na san wurin. Ranar Litinin zan raka ta a gwada ta a fara mata rigakafin ciwon hanta, allura uku ne, ta farko, sai bayan wata ɗaya, sai a wata na shida, gara ta samu biyu a jiki kafin a tura su istaj na farko. Uwarta tace kuɗin fa, nace ta bari na farkon ni zan biya.